Babi na 3: Me Ya Sa Ba A Karanta Turanci Yadda Aka Rubuta Shi?

Duk wanda ya zauna a ajin firamare ya taɓa yin wannan tambaya, ko da a zuci ne. An koya maka *cat*, an ce harafin farko "k" ake furta shi, ka riƙe. Washegari aka rubuta *city* a allo, ka buɗe baki ka ce "kiti", malam ya ce a'a, "siti" ne. Kafin zango ya ƙare ga *ocean* ta iso, a cikinta kuma wannan harafin dai ya koma "sh". Alhali kai a Hausa murya ɗaya tak ka san shi da ita, wadda ke cikin ci da ciki da cokali. Shin Turawa ba su da ƙa'ida ne, ko kuwa mu ne ba a koya mana ita ba?

Ƙa'ida akwai ta, har ta yi yawa. Abin da ya faru shi ne ƙa'idojin mutane daban-daban, na zamani daban-daban, aka jibga su wuri guda, wata kan wata, ba wanda ya share ta wanda ya gabace shi.

Haruffa 26, sautuka 44

Matsalar tun daga ƙidaya ta faro. Turancin da ake ji a bakin masu karanta labarai na BBC yana da sautuka kusan 44: baƙaƙe 24, wasula 20 idan an haɗa da masu aure irin su "ai" da "au". Haruffan da za a rubuta su kuwa 26 ne, kuma biyar ne kawai na wasali a cikinsu. Dalili shi ne ba don Turanci aka ƙirƙiri haruffan ba. Na Latin ne, harshen mutanen Rum, wanda haruffa 23 suka wadatar da shi. Masu wa'azin addinin Kirista ne suka yaɗa su a Ingila, musamman bayan zuwan Augustine yankin Kent a shekarar 597. Marubutan farko sun ga haruffan ba su isa ba, suka ƙara wasu nasu, kamar þ mai wakiltar sautin farkon *thing*. Daga baya aka watsar da waɗannan, aka koma haɗa haruffa biyu su yi aikin ɗaya: *th*, *sh*, *ch*.

Wasula ne suka fi jin jiki. Ɗauki harafin *a* kaɗai, ka saurari Baturen Ingila yana faɗin *cat*, *father*, *call*, *cake*, *want*, *many* da *about*. Sauti bakwai ke nan, ba ɗaya da ya yi daidai da ɗan'uwansa.

Amma kada mu yi saurin yi musu dariya. Rubuta "na sayi gari a gari" ka miƙa wa baƙon da ke koyon Hausa, ka ga yadda zai yi da ita. Mu ba ma rubuta tsawon wasali, ba ma rubuta hawa da saukar murya, jimla ce ke gaya mana wanne ne garin tuwo, wanne ne garin zama. Haka shi ma Bature yake gane *read* ta yau, "riid", da *read* ta jiya, "red". Abin da ya sa bokon Hausa ya fi kusa da baki shi ne ƙuruciyarsa. A 1912 Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya wallafa ƙa'idojin rubuta Hausa da haruffan boko, haruffa masu lanƙwasa kuwa, ɓ da ɗ da ƙ, sai a shekarun 1930 suka shigo. Shekara ɗari da 'yan kai ba su isa baki ya yi wa alƙalami nisa ba.

Dubi maƙwabcin harafi

Mu koma kan *c*. Idan *e* ko *i* ko *y* ne ke biye da shi, "s" ne: *cell*, *city*, *cycle*. A ko'ina ban da nan, "k" ne: *cat*, *cold*, *cup*, *class*. Kalmar *circle* tana ɗauke da duka biyun. Wannan ƙa'ida da wuya ta ba ka kunya.

Kuma ba baƙuwar Bahaushe ba ce, don kullum yana aiki da irinta bai lura ba. Mota ɗaya, motoci da yawa. Kaza, kaji. Ƙasa, ƙasashe. Ya sata, ya saci kuɗi. Da zarar "i" ko "e" ya biyo bayan t ko z ko s, sai harshe ya ɗaga wajen ganɗa, sautin ya sauya. Abin da ya sami Latin ke nan: a zamanin da *c* ko'ina "k" ne, sannu a hankali ya yi laushi a gaban waɗannan wasula, har ya zama "s" a Faransanci, Turanci kuma ya gada daga can. Bambancin kawai shi ne mu idan sauti ya sauya sai mu sauya harafi, su kuwa suka bar harafin yadda yake, suka ɗora wa mai karatu aikin duba maƙwabci. Ta irin wannan hanya *ti* ta koma "sh" a cikin *nation* da *station*. Kakanninmu da kunne suka ji *station*, shi ya sa suka ce tasha.

Harafin *g* yana bin wannan sawu, amma da gardama. A *gem*, *giant* da *page* "j" ne, a *go* da *gum* "g" ne. Sai ga *get*, *give*, *girl* da *begin* sun ƙi. Waɗannan ba ta Faransa suka biyo ba, 'yan gida ne ko kuma na dangin harsunan arewacin Turai, dokar ba ta hau kansu ba. A wasu kalmomin sai aka cusa *u* a tsakani don ya kare *g* daga laushi, kamar a *guess* da *guitar*. Ba a furta shi, gadi kawai yake yi.

Wani mai aiki shiru shi ne *e* na ƙarshen kalma. Gwada *hat* da *hate*, *bit* da *bite*, *hop* da *hope*, *cut* da *cute*. Ba ka jin sa, amma shi ke sa wasalin da ke gabansa ya faɗi sunansa. Kishiyar wannan ita ce ninka baƙi. A nan Bahaushe yakan yi tuntuɓe, domin a wurinmu ninki nauyi ne, baba daban, babba daban. A Turanci *nn* na *dinner* ba a danna shi ko kaɗan. Saƙo ne kawai cewa wasalin gajere ne, don a raba ta da *diner*, kamar yadda aka raba *hopping* da *hoping*. Akwai 'yan tawaye, ba shakka. *Have*, *give* da *love* suna da *e* amma wasalinsu gajere ne, saboda al'adar rubutun Turanci ba ta yarda kalma ta ƙare da *v* tsirara ba.

Ɗora yatsa a maƙogwaronka ka ja "sss", sannan ka ja "zzz". A na biyu za ka ji wurin yana rawa. Masana sun kira wannan ziza, kuma ita ce ke mulkin *s* na jam'i da *ed* na abin da ya wuce. Bayan sauti marar ziza, *cats* da "s" take ƙarewa, *walked* kuma da "t", wato "wokt", ba "wokid" ba. Bayan mai ziza, *dogs* da "z", *played* da "d". Ba a ƙara gaɓa sai inda baki ba zai iya haɗa sautukan biyu ba, irin *buses* da *wanted*.

Wasulan da suka yi ƙaura

Yara suna rera abacada a darasin Hausa, a shiga darasin Turanci su koma "e, bi, si, di". Me ya sa Bature ke kiran *a* da "ei", *e* da "ii", *i* da "ai", alhali mutumin Italiya da Bahaushe duk a, e, i suke cewa?

Da can shi ma haka yake cewa. A zamanin marubucin nan Geoffrey Chaucer, wanda ya rasu a 1400, da an ba Bahaushe takardar Turanci ya karanta wasulanta da bakin Hausa, da bai yi nisa da daidai ba. *Name* "naame" ce, *time* "tiime", *house* "huus". *Feet* ana jan "e" ne a cikinta, *moon* kuma ana jan "o", shi ya sa ma aka ninka haruffan. Rubutun bai yi ƙarya ba a lokacinsa.

Daga wajen 1400 zuwa wajen 1700 sai dogayen wasulan suka riƙa gusawa ɗaya bayan ɗaya. Dogon "e" ya hau ya zama "ii", dogon "o" ya zama "uu". Su kuma "ii" da "uu" na asali, da ba su da inda za su hau, suka tsage suka zama "ai" da "au". Wani masanin harshe ɗan ƙasar Danmak, Otto Jespersen, shi ya raɗa wa abin suna da ke nufin babbar ƙaurar wasula. Ba wanda ya shirya ta, waɗanda ta faru a bakinsu ma ba su san ana yi ba.

Rashin sa'ar ita ce a tsakiyar wannan ƙaura injin ɗab'i ya iso. William Caxton ya kafa maɗaba'arsa a Westminster a 1476. Kafin nan kowane marubuci yadda ya ji yake rubutawa, kalma ɗaya ta fito da kamanni uku a shafi guda. Da littattafai suka fara fitowa ɗaruruwa iri ɗaya, rubutu ya fara daskarewa, baki kuwa bai tsaya ba. Lokacin da Samuel Johnson ya fitar da ƙamusunsa a 1755, bakin alƙalami ya riga ya bushe. Rubutun Turanci na yau kamar hoton katin shaida ne da aka ɗauka mutum yana saurayi: shi ɗin ne, ba wani ba, amma yanzu ga furfura ga tumbi, sai wanda ya san shi zai gane shi.

Gajerun wasula ba su bi ayarin ba. Wannan ne ya raba 'yan gida ɗaya: *child* da *children*, *wise* da *wisdom*, *five* da *fifty*, *south* da *southern*. Wasu kalmomin kuma suka maƙale a hanya. Yawancin masu *ea* sun isa "ii", kamar *meat* da *sea*, amma *great*, *break* da *steak* sun tsaya a "ei", *bread* da *head* kuma suka gajarce. Haka *food*, *book* da *blood*: rubutu ɗaya, makoma uku.

Haruffan da suka yi shiru

Harafin *k* na *knife*, *knee* da *know* ba ado ba ne. An furta shi har cikin ƙarni na 17, kuma har gobe Bajamushe yana furta shi a kalmarsa ta gwiwa, *Knie*. Haka *w* na *write* da *b* na *comb* da *lamb*, su ma an taɓa furta su.

*Gh* ya fi kowa labari. Sauti ne na can cikin baki, kusa da harafin خ na Larabci, wanda duk almajiri ya sani. Jamusawa suna da shi a *Nacht*, wato dare, wasu mutanen Sikotlan ma ba su yar da shi ba. A kudancin Ingila ya ɓace, amma ba ta hanya ɗaya ba. A *night*, *though* da *daughter* ya yi shiru. A *laugh*, *cough* da *enough* ya rikiɗe ya zama "f". Haɗa wannan da ƙaurar wasula, sai ka sami *ough* mai fuska shida: *though* "zou", *through* "suruu", *cough* "kof", *rough* "raf", *bought* "boot", *plough* "filau", gwargwadon yadda haruffan Hausa za su iya kwaikwayonsu. Nan kam ba ƙa'idar da za ta cece ka, hadda ce kawai.

Waɗannan aƙalla sun taɓa yin magana. Akwai waɗanda tun da aka haife su ba su ce uffan ba. A ƙarni na 16 malamai masu sha'awar Latin suka ga bai dace kalma ta manta da iyayenta ba. Ana rubuta *dette* da *doute* yadda aka aro su daga Faransanci, sai suka cusa musu *b* don a tuna da *debitum* da *dubitare*, aka sami *debt* da *doubt*. *Receipt* ta sami *p* ta wannan hanya. *Island* kuwa gyaran gangar Auzinawa aka yi mata: an zaci 'yar Latin ce aka saka mata *s*, alhali tsohuwar kalmar Turanci ce da ba ta da alaƙa da can. *H* na *ghost* ana danganta shi da ma'aikatan ɗab'i da suka zo daga yankin da yake Beljiyam a yau, waɗanda haka suke rubuta kalmar a harshensu.

Mu da muka koyi Turanci da ido kafin kunne, waɗannan haruffa ne ke kama mu. Shi ya sa za ka ji mai digiri yana furta *t* na *listen*, da *b* na *plumber*, da *w* na *sword*. Ba rashin ilimi ba ne, biyayya ce ga abin da aka rubuta. A ganina laifin na tsarin koyarwa ne da ke fara wa yaro da sunayen haruffa da kwafe allo, a bar sauraro sai ƙarshe, in ma an yi.

Tambayi asalin kalma

A 1066 William na Normandi ya ci Ingila da yaƙi. Kusan shekara 300 bayan haka Faransanci ne harshen fada da kotu, dubban kalmominsa suka kwararo, magatakardan da suka saba da shi kuma suka riƙa rubuta Turanci da hannun Faransanci. *Cwen* ta zama *queen*, *hus* ta zama *house*. Daga baya ilimin kimiyya da likitanci ya jawo kalmomin Girka, kowace da irin rubutunta.

*Ch* ya isa misali. A *child* da *chair*, tsofaffin 'yan gida da tsofaffin baƙi, daidai yake da c na Hausa. A *school*, *chemistry* da *character* "k" ne, don daga Girka suke. A *machine* da *chef* "sh" ne, saboda an aro su bayan Faransawa sun sauya nasu furucin. Idan ka ga *ph* mai sautin "f", ko *ps* da *pn* a farkon kalma irin *psychology* da *pneumonia*, kusan kullum Girka ce, kuma *p* ɗin farkon shiru yake.

Barikin soja ya adana mana hujja mai daɗi. *Colonel* ba ta da *r*, amma "kanal" ake cewa da ɗan jan wasalin farko, domin an fara aro ta a matsayin *coronel* daga Faransanci, daga baya aka gyara rubutun ya bi na Italiya, baki ya ƙi bi. *Lieutenant* ba ta da *f*, amma Baturen Ingila "leftenant" yake cewa. *Sergeant* kuma da "sa" take farawa. Sojojin Hausawa na zamanin Turawa ba su ga rubutun ba, umarni kawai suka ji a filin fareti, suka ce Kanar, Laftanar, Saje. Sun fi mai bin haruffa kusa da daidai. Haka mota da direba da kati suka nuna cewa Turawan da suka zo mana ba sa furta *r* bayan wasali, saɓanin Amurkawa.

Inda Bahaushe ya fi shan wuya

*Th* sauti biyu ne a riga ɗaya. Na *think* shi ne ث, na *this* shi ne ذ. Hausa ba ta da ko ɗaya, kuma mun daɗe da yanke musu hukunci tun a kalmomin Larabci: Usman, hadisi, zikiri, zunubi. Da Turanci ya zo sai muka yi masa yadda muka saba, *think* ta koma "sink", *then* ta koma "zen". Wanda ya yi tajwidi ya riga ya iya fito da kan harshe tsakanin haƙora, abin da ya rage ya tuna cewa wurin aikin ya zo. Sai 'yan sunaye kaɗan, *Thomas*, *Thames* da *Thailand*, inda "t" ne zalla.

*P* da *f* kuma ba laifin rubutun Turanci ba ne. F na Hausa da leɓɓa biyu ake yin sa, yana tsakanin nasu biyun, shi ya sa muka ce fensir da fasinja da firamare. Ba abin kunya ba ne mutum ya yi Turanci da harshen garinsu, Ba'indiye da ɗan Sikotlan kowa da nasa. Inda ya kamata a dage shi ne inda ma'ana za ta sauya, kamar *pan* da *fan*, ko *ship* da *sheep*.

Me ya hana a gyara?

An gwada. Noah Webster ya fitar da ƙamusun Turancin Amurka a 1828, ya yi nasara da *color* da *center*, amma *tung* da ya so ta maye gurbin *tongue* ba ta karɓu ba. A 1906 shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya umarci maɗaba'ar gwamnati ta sauƙaƙa rubutun kalmomi 300, majalisa ta yi masa ca, kafin shekarar ta fita ya janye. Marubuci George Bernard Shaw, da ya mutu a 1950, har wasiyya ya bari a ƙirƙiro sababbin haruffa da dukiyarsa. An ƙirƙira, ba wanda ya ɗauka.

Tambayar da ke kashe maganar ita ce bakin wa za a bi, na Landan ko na Texas ko na Legas? Ban da haka, tsohon rubutun yana da amfanin da ba a cika yaba masa ba. Yana raba *right* da *write*, da *two* da *too*, waɗanda kunne ba ya rabawa. Yana kuma riƙe zumunci: *g* na *sign* shiru yake, amma ya farka a *signature*, haka *b* na *bomb* a *bombard*. Mai karatu yana ganin dangantakar tun kafin ya buɗe ƙamus.

Masu kallon ƙwallo sun san wani ɓangaren da ba mu taɓo ba. A 2016, shekarar da Leicester City ta ɗauki kofin Firimiya kuma Ahmed Musa ya koma can, kowane gidan kallo ya koyi cewa "Lesta" ake faɗi, rabin haruffan sun zube. Haka Tottenham take "Totnam", Fulham take "Fulam". Amma a West Ham ana jin *ham* ɗin ɓaro-ɓaro, da *h* ɗinsa da cikakken wasalinsa. Haruffa uku ne iri ɗaya, me ya cinye su a Fulham ya bar su a West Ham? Nauyin murya ne. A kowace kalmar Turanci akwai gaɓar da ake dannawa, sauran kuma a tauye su, wasalinsu ya koma wani ɗan guntun sauti mai kama da "a" na kasala, wanda ya fi kowane wasali yawa a harshen alhali ba shi da harafin kansa. Shi ne a farkon *about* da ƙarshen *teacher*. Shi ya sa *photograph* da *photographer* ba sa kama da juna a kunne, kuma *record* take zama suna ko aikatau gwargwadon inda aka danna. Yadda ake gane gaɓar da za a danna, da yadda hakan ya bambanta da hawa da saukar muryar Hausa, shi ne abin da babi na gaba zai ɗauka.